Yadda za ka bi sawun tarihin ɗan'uwanka hafsan soja da ya tafi yaƙi bai dawo ba

A ɗakin Goggo a gidanmu na Gangare, cikin Jos, akwai wani hoto da na taso na tarar a rataye, har bangon wajen ya canza kala saboda daɗewa. Saurayi ne siriri da kaki, hula a ɗan karkace, anini biyu a kafaɗa. Baffanmu ne, ƙanin babanmu, kuma abin da muka sani a kansa tun muna yara bai wuce jimla ɗaya ba, wai ya tafi yaƙin Ojukwu bai dawo ba. Shikenan. In ka ƙara tambaya sai a ce maka kai yaro ka cika bin diddigi, je ka ɗebo ruwa. Sai da na yi aure na haihu, yarona ya nuna hoton ya ce Abba wannan waye, na buɗe baki na ga ni ma jimlar nan ɗaya kawai gare ni, sannan abin ya dame ni. Na ɗau kusan shekara biyu ina bin abin a hankali, ranar da na samu sarari in yi, ranar da kasuwa ta riƙe ni in bari, kuma tunda mutane da yawa a Jos suna da irin wannan hoton a gidajensu, Musulmi da Kirista, na ce bari in rubuta yadda na yi ko wani zai rage wahala.

Ka fara daga cikin gida, kar ka fara da bariki. Wannan shi ne kuskuren da kowa ke yi, mutum ya ɗauki mota ya nufi barikin Rukuba wai zai tambayi sojoji, to me za ka ce musu a get? Baffana ya rasu a yaƙi? Mutum nawa suka rasu a yaƙin? Abin da kake nema da farko yana cikin akwatin ƙarfen wata tsohuwa a gidanku, ko ƙarƙashin gado ko saman sif, kuma ba za ta buɗe maka don ka zo da biro da littafi kana mata tambaya kaman ɗan sanda ba. Ni sai da na yi ta zuwa wajen Goggo da hantsi, lokacin da sanyi ya ɗan saki gari ta fito tsakar gida shan rana, in kai mata goro da ɗan suga, mu yi ta hirar duniya. A zuwa na huɗu ne ita da kanta ta ce ɗauko min akwatin can. Da aka buɗe warin kafur ya bugi hancina, ga zannuwa na da, a can ƙasa kuma wata leda an naɗe ta da tsumma, ciki akwai wasiƙu uku, da hoto ƙarami, da wata takarda mai hatimi da ta yi ja don tsufa, da maɓallin kaki guda ɗaya. Ta riƙe maɓallin a tafin hannunta ta daɗe ba ta ce komai ba, ni ma na kama bakina.

Abin da za ka fi sa wa ido a cikin takardun shi ne lambarsa ta soja. Suna ba ya isa, don Muhammadu ɗaya za ka same shi an rubuta Mamman a nan, Momo a can, Mohammed a wata takardar, Abdu ya koma Audu, wani ma da sunan garinsu ya shiga soja ba da sunan mahaifinsa ba. Lamba kuwa ba ta canzawa. Ta hafsoshi tana farawa da N sai a ja layi sai lambobi, ta ƙananan sojoji kuma za ka ga irin su 63NA ko 79NA a gaba. In ka ga lamba iri biyu a takardun mutum ɗaya kar ka rikice, alama ce ta cewa daga kurtu ya faro ya hau har ya samu anini, kuma a yaƙin basasa an yi irin wannan da yawa, saboda sojan Najeriya kafin yaƙin bai fi mutum dubu 10 ba amma kafin a gama ya haura dubu 200, to ina za a samo hafsoshin da za su riƙe wannan taron, dole aka riƙa ɗaga saje da samanja ana maƙala musu anini, wasu kuma aka yi musu gajeren horo aka tura su. Bayan lamba sai ka nemi bataliya ko birged ɗinsa, galibi yana saman wasiƙa inda ya rubuta adireshinsa. Ka juya bayan kowane hoto, masu ɗaukar hoto na da suna buga hatimin shagonsu da sunan gari, wani lokaci har da kwanan wata.

Shi kansa hoton yana magana in ka iya karanta kafaɗa. Anini ɗaya ƙaramin laftana ne, biyu laftana, uku kyaftin, mikiya ita kaɗai manjo, mikiya da anini ɗaya laftanar kanar, mikiya da biyu kanar. In kuma igiya ce a hannun riga ba komai a kafaɗa, to ba hafsa ba ne, igiya biyu kofur, uku saje. Na faɗi wannan ne saboda a gidanmu kowa kyaftin yake ce wa Baffa, har wani kawunmu yana rantsuwa wai saura kaɗan ya zama manjo, alhali hoton da ke gabanmu shekara da shekaru yana nuna laftana ne, takardar mai hatimi ma haka ta ce. Mamaci a bakin danginsa kullum ƙarin girma yake samu.

Wani abu da zan roƙe ka, kar ka kai takardun nan a yi musu laminetin. Ni na yi wannan wautar, na ɗauki ƙaramin hoton na kai wani shagon kwamfuta wajen Terminus, yaron ya saka shi a inji, zafi ya ɗaga fuskar hoton gefe ɗaya ya yi fari fat, wallahi ranar kaman in yi kuka, ban iya gaya wa Goggo ba sai bayan sati. Ka shimfiɗa su a kan farin ƙyalle a inuwa inda akwai haske, ka ɗauka da waya gaba da baya ba tare da filasha ba, ka tura wa kanka a imel da kuma wani ɗan'uwa guda, ka mayar da na asalin inda ka same su. Duk inda za ka je kwafi za ka kai. Na asali ba ya fita daga gida ko wa ya ce ka kawo.

To daga nan sai ka san wane yaƙi ake magana, don tsofaffinmu suna haɗa su wuri ɗaya, duk yaƙi ne. In an ce Bama, to Yaƙin Duniya na Biyu ne, 1939 zuwa 1945, lokacin da Turawan Ingila suka kwashi samarinmu a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka kai su dazukan Kaladan da Arakan suka gwabza da Japanawa, shi ya sa har yau barikokinmu ke ɗauke da sunayen can, Myohaung da Arakan a Legas, Chindit a Zariya. Amma ka sani a wancan lokacin hafsoshin Turawa ne, sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba ɗan Najeriya anini, saboda haka in an ce kakanka hafsa ne a Bama to mai yiwuwa saje ne ko samanja, kuma wannan ba ƙaramin matsayi ba ne a lokacin. Waɗanda suka rasu a wannan yaƙin sun fi sauƙin samu ma, don akwai hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC, tana da shafi a intanet da za ka saka suna ko lamba, ka gwada da sunan gari a matsayin suna na biyu, irin su Kano ko Bauchi ko Katsina, haka aka rubuta da yawansu. In an ce Kwango, aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ne na 1960 zuwa 1964. Yaƙin basasa ya fara 6 ga Yuli 1967 ya ƙare 15 ga Janairu 1970. Laberiya ta ECOMOG, rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka ta Yamma, daga 1990, Saliyo kuma a ƙarshen shekarun 1990. Sai na Boko Haram da muke ciki.

Namu na basasa ne, kuma a nan sanin rundunar mutum yana rage maka rabin aiki. Runduna ta ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ta gangaro ta arewa, ta Nsukka, ta kama Inugu a farkon Oktoba 1967. Ta biyu ta Murtala Muhammad ita ta kori sojan Biyafara daga Jihar Tsakiyar Yamma ta zo ta tsaya a Asaba tana neman tsallaka kogin Kwara zuwa Anacha. Ta uku ta Benjamin Adekunle ta ɓullo ta ruwa, Bonny da Kalaba da Fatakwal, ita ce Obasanjo ya karɓa a 1969. In ka san wacce ɗan'uwanka yake ciki, ka san ƙasar da ya taka da watannin da aka sha wuya a wajen.

Ga yadda abin ya yi min amfani. Labarin da ake bayarwa a gidanmu shi ne Baffa a ruwa ya tafi, wajen tsallaka kogi zuwa Anacha. Kuma labarin yana da tushe, don a Oktoba 1967 runduna ta biyu ta yi ta ƙoƙarin tsallakawa da jiragen ruwa daga Asaba bayan an karya gadar, aka yi asarar mutane sosai. Adireshin da ke kan wasiƙunsa ma na wannan rundunar ne. Amma da na zauna na duba wasiƙa ta uku da kyau, wadda yake tambaya ko an biya kuɗin makarantar ƙanwarsa yana cewa a gaida Inna a ce ta daina kuka, sai na ga hatimin gidan waya a kan ambulan na shekarar 1968 ne. Mutumin da ya nutse a Oktoba 1967 ba zai rubuto wasiƙa a 1968 ba. Ashe abin da ya faru shi ne labarin tsallaka kogin ne ya fi yawo a gari a lokacin, duk gidan da aka ji shiru sai a ce ai a ruwa ya tafi, da sanarwa ta zo daga baya sai aka haɗe biyun. Anacha ba ta faɗi ba sai a Maris 1968 bayan rundunar ta zagayo ta ƙasa, kuma a ƙarshen wannan watan ne aka yi wa ayarin motocinta kwanton ɓauna a Abagana aka ƙona su. Kaga yanzu tambayar ta canza, na san watannin da zan bincika.

Sai 'yan mazan jiya. Wannan shi ne sashen da ya fi komai daɗi kuma ya fi komai gaggawa, don wanda ya shiga yaƙin basasa yana ɗan shekara 20 yanzu ya doshi 80, kullum raguwa suke. Ka nemi ofishin ƙungiyarsu ta Nigerian Legion, ko ka tambayi tsofaffin masu gadi da ke sa kakin ƙungiyar, ko ka je wajen bikin tunawa da su ranar 15 ga Janairu inda ake ajiye furanni a saki fararen tattabaru, a nan za ka gan su da lambobinsu a ƙirji. A masallacin unguwa da coci ma in ka yi cigiya za a ce maka ai Baba wane tsohon soja ne. Kar ka ce kana neman wanda ya san baffanka, ka ce kana neman wanda ya yi bataliya kaza, shi zai kai ka wajen wani, wani ya kai ka wajen wani. Ni a mutum na biyar na dace, wani dattijo a Bukur, kofur ne a lokacin, ƙafarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Na durƙusa na gaishe shi na ce Baba wajenka aka turo ni, na miƙa masa kwafin hoton, ya kai shi kusa da ido ya nisanta ya sake kusantowa, sai ya yi dariya ya ce kai, wannan ai Oga mai rediyo ne. Wai yana da wata 'yar rediyo da ba ya rabuwa da ita, da dare sai ya kamo Kaduna a hankali su kewaye shi ana jin gaisuwar da iyalai ke aiko wa sojoji. A gidanmu ba wanda ya taɓa yi mana zancen rediyon nan.

Yadda za ka yi hirar yana da muhimmanci. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya, ka ajiye wayar a gefe yadda zai manta da ita. Kar ka buɗe da yaya ya mutu, wannan tambayar ta ƙarshe ce, wani lokaci ma sai a zuwa na biyu. Ka fara da ina kuka yi horo, Zariya ko ina, a jirgin ƙasa kuka tafi ko a mota, me kuke ci, wa ke dafawa, ruwan sama fa, albashi yana zuwa, shi Oga yana da faɗa ne ko yana da sanyi, yana salla a cikin rami. In ya kauce ya shiga labarin fanshonsa da aka riƙe ka bar shi ya gama, haƙƙinsa ne, kuma a cikin wannan kewaye-kewayen ne abin da kake nema yake faɗowa. In ya faɗi shekarar da ka san ba daidai ba ce kar ka gyara masa, ka rubuta yadda ya faɗa ka sa alama. Su ba da kwanan wata suke tuna abu ba, da damina da rani da azumi da Kirsimeti suke tunawa, in ya ce ana saura kwana kaɗan babbar salla to ka samu abin da za ka lissafa da kalanda. In ya yi shiru ya kalli ƙasa, kai ma ka yi shiru. Kuma ka riƙe masa wani abu in za ka je, ba biya ba ne, ladabi ne, sabulu da shayi da ɗan abin cefane.

Zan faɗi wata magana da ba kowa zai so ba. In ka shiga tarihin yaƙi za ka ci karo da abin da ba daɗi. A Asaba a Oktoba 1967 sojojin tarayya sun kashe fararen hula maza da yawa, abu ne da yake a rubuce kuma mutanen garin suna tunawa da shi duk shekara. Mu nan Jos ma mun san abin da ya sami Inyamurai a 1966 kafin yaƙin. In rundunar ɗan'uwanka ta bi ta irin wannan wuri kar ka goge shi daga labarin don kare sunan gida, kuma kar ka ɗora masa laifin da ba ka da shaidar ya aikata. Ka rubuta rundunarsu tana wajen a lokacin, ga abin da ya faru, ga iyakar abin da aka shaida a kansa shi.

Yanzu kuma sai hukuma, ka ga sai da muka tara kaya kafin mu tunkare ta. Takarda za ka rubuta da Turanci, gajera, shafi ɗaya: cikakken sunansa da duk yadda ake rubuta shi, lamba, muƙami, bataliya, shekarar da kuke zaton ya rasu, dangantakarka da shi, da abin da kake so, wato bayanin aikinsa da ranar rasuwa da inda aka binne shi. In wanda ya rubuta a matsayin magajinsa yana raye, matarsa ko ɗansa ko ɗan'uwansa, to da sunansa za a rubuta ya sa hannu, an fi sauraronsa. Hedikwatar sojan ƙasa tana Garki a Abuja, kuma harkar hafsoshi tana ƙarƙashin ofishin Sakataren Soja, bayanan ƙananan sojoji kuma a Lakwaja ake ajiye su, saboda haka mai lamba biyu yana iya samun fayil a wuri biyu. Hukumar fanshon soja tana Dutsen Alhaji, in an taɓa biyan iyalinsa wani haƙƙi to akwai takarda a kai. In kana Jos kana iya fara neman shawara a hedikwatar runduna ta uku a Rukuba, barikin Maxwell Khobe, a nuna maka hanyar da takarda ke bi. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin an karɓa a naka, ka rubuta ranar. Ka sa kaya na mutunci, ka riƙe katin shaida, a get ka ce Yallaɓai ina kwana ka faɗi abin da ya kawo ka a taƙaice, kuma don Allah kar ka ɗaga waya ka ce za ka ɗau hoto a cikin bariki. In ka san wani soja mai ci ko mai ritaya ya raka ka, tafiyar ta fi sauri. Duk wanda ya tare ka a waje ya ce kawo kaza in fito maka da fayil, ka ce Allah ya ba mu alheri ka wuce. Sannan ka sa haƙuri, fayil ɗin shekara hamsin da wani abu ba a rana ɗaya ake tono shi ba, kuma na lokacin yaƙi ba duka ne suka cika ba.

Kafin amsa ta zo ga wuraren da za ka leƙa. Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da kuma Arewa House, a nan ake samun tsofaffin jaridu irin New Nigerian da ta fara fitowa a 1966 da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Jaridun lokacin yaƙi sun fi ba da labarin an kama gari kaza, ba kasafai za ka ga sunan ƙaramin hafsa ba, amma za su ba ka ranakun da bataliyarsu ta shiga wuri. Gazet ɗin gwamnatin tarayya tana buga sunayen waɗanda aka ba anini da ƙarin girma. Nigeria Standard ta nan Jos sai 1972 ta fara, ba ta ga yaƙin ba, sai dai iyalai kan buga tunawa da mamacinsu a cikinta shekaru bayan haka. Makarantar da ya yi ma kar ka raina ta, Barewa ko Keffi ko Kuru ko Gindiri ko makarantar soja ta yara da ke Zariya, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna da ƙwaƙwalwa fiye da yadda kake zato. In ta makarantar horon hafsoshi ta NDA ya bi, wadda aka buɗe a Kaduna a 1964, ka nemo lambar kwas ɗinsu, 'yan kwas ɗaya sun san juna kaman 'yan uwa ɗaya. 'Yan'uwanmu Kirista kuma ku duba rajistar coci da ɗan littafin da ake bugawa na jana'iza ko addu'ar tunawa, COCIN da ECWA duk hedikwatarsu na nan garin. Littattafan da manyan kwamandoji suka rubuta a karanta su, amma da lura, kowa gwaninta yake ba kansa.

In naka rashin na kwanan nan ne, na Arewa maso Gabas, to aikin ya bambanta. Matsalarka ba ƙarancin labari ba ce, yawansa ne. Dubi Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba 2016, wanda ya yi suna da tankokin yaƙi wajen ƙwato Baga a 2015, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke hanyar filin jirgin Abuja. Ko Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba a Metele a Nuwamba 2018, ko Birgediya Dzarma Zirkusu a yankin Askira Uba a Nuwamba 2021. Waɗannan sanannu ne, amma in ka bi abin da aka rubuta a Facebook a kansu za ka ga kowa da nasa, wani ya ƙara gishiri wani ya ɗauko hoton wani yaƙin daban ya liƙa. To balle wanda ba a san shi ba. Abin yi na farko shi ne ka ceci abin da ke cikin waya, saƙonnin murya na WhatsApp da ya turo wa matarsa da mahaifiyarsa, hotuna, bidiyon da yake wasa da yara, a kwafe su wuri biyu kafin waya ta faɗa ruwa ko a sace ta a Keke. Matar kuma a bar ta ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, ta huce, kar ka je mata da rikoda ana zaman makoki. Abokan aikinsa da ke bakin daga har yanzu za su yi maka magana amma kar ka sa sunansu, kar ka rubuta inda sansaninsu yake ko yawan kayansu, kana iya jefa su cikin matsala da hukuma ko ma cikin haɗari. Hoton gawa kuma kar ka saka, ko da yana yawo a intanet, 'ya'yansa za su girma su gani.

Wajen rubutawa ga dabarar da ta taimake ni. Na samu babbar takarda na ja layi daga haihuwa zuwa rasuwa, duk abin da na samu in sa shi a gurbinsa, kuma kowanne in sa masa alama ɗaya cikin uku: takarda, ganau, ko jiyau. Wasiƙa mai hatimi takarda ce. Dattijon Bukur da ya ce da idonsa ya ga an ɗauke Baffa a kan shimfiɗa bayan harsashi ya same shi a gefen ciki, da damina, a wani ƙauye da ya kasa tuna sunansa, ganau ne. Kawu mai cewa saura kaɗan ya zama manjo jiyau ne. In biyu suka yi karo takarda ke gaba, sai ganau, amma kar ka zubar da jiyau, ka rubuta a gida ana cewa kaza, don shi ma labarin yadda gida ya ɗauki rashin wani ɓangare ne na tarihin. Inda ba ka samu komai ba ka bar gurbin a buɗe, kar ka cike da zuƙi ta malle, kar ka ƙirƙiro masa kalmar ƙarshe irin ta fim. Zancen shahada ma ka ce muna yi masa fata, hukuncin na Allah ne.

Kuma kar yaƙin ya cinye mutumin. Baffa shekara ashirin da 'yan kai ya yi a duniya, yaƙi bai kai shekara biyu a ciki ba. Sauran fa? Makarantar allo a Dilimi, tallan rake da ya yi, ƙwallon da yake bugawa ba takalmi, yadda ya ɓoye wa Inna cewa ya je ɗaukar soja sai da sunansa ya fito, kuɗin makarantar ƙanwarsa da yake aikowa duk wata. Na ba waɗannan shafi fiye da na ba fagen daga. Duka abin shafi goma sha huɗu ya kama, na yi da Hausa na sa wani ƙanena ya mayar da Turanci saboda yaran Abuja da Hausarsu ta fara gudu, muka buga kwafi talatin muka raba ranar wani suna da dangi suka taru.

Kafin ka buga dai ka karanta wa tsofaffin da suka ba ka labarin, da bakinka, a zaune. Ni na karanta wa Goggo a tsakar gida, tana ta gyaɗa kai, da na zo wajen rediyo ta ce ai ita ta san rediyon, da kuɗin albashinsa na farko ya saya a kantin Kwara. Da na zo inda na rubuta sunan yarinyar da aka sa musu rana kafin ya tafi sai ta ɗaga hannu ta ce tsaya, cire wannan. Na ce Goggo ai tarihi ne. Ta ce matar tana nan da ranta a Anguwar Rogo da jikokinta, mijinta ma yana raye, ba za a karanta sunanta a taron suna ba. Na ciro biro na soke, a wanda aka buga an rubuta wata yarinya 'yar unguwarsu kawai.